Wurin da Injin Ya Ƙi Shafewa

Malam Edita, ni ba mai ilimi ba ne, kuma ba zan ari rigar masu shi ba. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, shekarar da ciwo ya kwantar da mahaifina. An haife ni a wani ƙauye kusa da Kiyako a shekarar da Turawa suka miƙa mulki, shi ya sa tsofaffin gidanmu suke cewa ni da ƙasar nan sa'annin juna ne, kuma in ka dubi yadda muka ƙare mu biyun za ka ga ba su yi ƙarya ba. Lokacin da kuɗin mai ke yawo, 'yan ajinmu da suka ɗore suka samu ofis da babur da fanka a ka. Ni kuwa a gindin bishiya na koyi bugun tafireta a Birnin Kudu, na samu ɗan aikin akawu, da gwamnati ta tsuke bakin aljihu kuma irinmu aka fara sallama. Abu ɗaya Allah ya ba ni wanda ba a koya a aji: son sanin abin da ke cikin abu. Rediyon mahaifina sau uku ina kwance ta, sau biyu kawai ta koma daidai. Wannan halin ne ya ba ni abinci, shi ne kuma ya sa na ci amanar wani bawan Allah da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Bayan sallamar na samu shiga wani ƙaramin asibitin fata da wata ƙungiyar agaji ta buɗe a bayan gari. Ba zan faɗi sunanta ba, ta daɗe da tattara komatsanta. Sunan dai asibitin fata, amma kowa a cikinmu ya san ainihin aikin: maganin kuturta ake bayarwa. A lokacin an samu sabon magani wanda in mutum ya zo da wuri, tun cutar tana ɗan tabo a jiki, zai sha na wasu watanni ya warke sarai, ko farce ba zai rasa ba. Matsalar ba maganin ba ce, bakin mutane ne. Shi ya sa marasa lafiyar suke zuwa ranar kasuwa, su saje da jama'a, su zagayo ta ƙofar baya. Shugabarmu wata ma'aikaciyar jinya ce daga can wajen Filato, kowa Sista yake ce mata. Mace ce mai faɗa, amma dokarta ɗaya ce babba: ba a kiran sunan mara lafiya a fili, sai lambar katinsa. Ta taɓa korar wani mai shara don kawai ya gaida wani da sunansa a bakin ƙofa.

Gab da a cire mu daga jihar Kano a ba mu tamu jihar aka kawo kwamfuta. Ɗaki guda aka ware mata da labule, ana rufe ta da zane kamar jaririya, ba a shiga da takalmi. Da yake ni ne mai tafireta, ni aka ɗora a kanta. Aikina in shigar da lamba, da suna, da gari, da sana'a, da irin maganin da mutum yake sha. Wani injiniya ne ya zo daga Kano ya yi mako yana koya mini, na kuwa ishe shi da tambaya har ya raɗa mini Malam Me-ya-sa. Shi ya nuna mini faifan da ke cikin injin, wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi da bai fi rabin bulo ba. Ya ce cikinsa a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, dubbai a kan dubbai, kowane ɗaki da abin da aka ajiye. Na tambaye shi in na goge suna ina yake tafiya. Ya yi dariya ya ce ba ya zuwa ko'ina, gogewar da nake yi kamar cire lamba ce daga ƙofar ɗaki, mai ɗakin yana nan zaune a ciki. Ya ce in ana so abu ya tafi da gaske sai injin ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana fitar da abin ciki yana zuba sifili a madadinsa. Na kwana biyu ina juya maganar nan, don ta burge ni ƙwarai.

A cikin masu zuwa karɓar magani akwai wani mahauci daga Gwaram, mai tsire ne a bakin tasha. Dogo, mai fara'a, baki ba ya rufuwa. Tabo ɗaya ne a ƙarƙashin kafaɗarsa, wanda matarsa ce ma ta fara gani. Yakan biyo mota ranar kasuwa da sunan ya zo duba tumaki, ya zagayo ya karɓi ƙwayoyinsa. Ran da na fara shigar da shi ya leƙo ta taga yana kallon yatsuna, ya kira ni Akawu, ya tambaye ni ko wannan ƙarfen nawa yana da baki. Na ce ba shi da shi. Ya ce to madalla, don shi sana'arsa da hannu ake yi a kuma ci da baki, ran da Gwaram ta ji abin da ya kawo shi nan ko kare ba zai karɓi tsokarsa ba. Na rantse masa da Allah cewa abin da ya shiga ƙarfen nan ya shiga kabari. Wata shida ya yi, Sista ta duba shi ta ce ya warke, ya tafi yana tsokanarta wai zai aiko mata da hanta don ta rage faɗa.

Da wa'adin ƙungiyar ya cika aka ce aikin zai koma hannun gwamnati. Katunan takarda aka zuba a akwatuna aka kulle. Masu takardar shaida aka ɗauke su, ni kuwa aka ce ba gurbina, kamar kullum. Sista ta ji tausayina, ta roƙa aka bar mini kwamfutar a matsayin sallama tunda ta tsufa, in je in nemi abinci da ita. Sharaɗi ɗaya ne: sai an shafe faifan tas. Injiniyan bai samu zuwa ba, sai ya aiko direba da wani ƙaramin faifai da takarda rubuce da hannunsa. Sista ta karanta mini ita sau biyu, ta kuma fassara, duk da na gaya mata ina jin Turancin. Takardar ta ce in saka ƙaramin faifan, in danna, in jira lissafi ya kai ɗari. In injin ya tsaya ya ce ya kasa rubutu a wani ɗaki, in sa shi ya sake gwadawa har sau uku. In ya ƙi, kada in tsallake. In kashe, in kwance faifan, in sami ƙusa in huda shi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kada in tsallake.

Da hantsi na tayar da janareta na fara. Ina zaune ina kallon lambobi suna hawa, ina ta mamakin yadda ƙarfe ke bin ɗakuna yana share su ba tsintsiya. Ya wuce hamsin lafiya, ya wuce saba'in. Da ya haura tamanin sai na ji wani ƙas-ƙas daga ciki, kamar kaza tana tsattsagar kwano, lissafin ya tsaya cak. Rubutu ya fito: ya kasa zuba sifili a ɗaki mai lamba kaza, in zaɓa, ko a tsaya, ko a sake, ko a tsallake. Na ce a sake. Ya ƙi. Ba sau uku ba, na fi sau goma, har da ɗan dukan gefen injin kamar yadda nake yi wa rediyo. Ya ƙi. Sai na zauna na dubi takardar injiniya, na dubi injin. Inji ba faifai gawa ne, kuma a lokacin sai ka je Kano ko Ikko kafin ka ga wani, ni kuwa ko kuɗin motar ba ni da shi. Shekara da shekaru ina bauta, abu ɗaya tak da aka taɓa ba ni, shi ne za a ce in kafa wa ƙusa da hannuna? Na ce a raina ɗakin da ya ƙi buɗuwa a zuba masa sabon abu, ai ba zai buɗu a ɗebi tsohon ba. Ƙofar da ta gagare ni ta gagari kowa. Ban tambayi kowa ba, ni na yanke wa kaina wannan fatawar don ita ce ta yi mini daɗi.

Na danna a tsallake. Ya sake tsayawa a ɗaki na gaba, na sake dannawa. Da abin ya yi yawa sai na ɗora yatsa na danne ban ɗaga ba, irin yadda mu masu tafireta muke yi in harafi ya maƙale, ka buga da ƙarfi ka wuce. Can ƙas-ƙas ɗin ya daina, lissafi ya ci gaba har ɗari. Ya rubuta da manyan haruffa cewa an gama. A ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, ya faɗi yawan ɗakunan da bai iya shafewa ba. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Na kashe allon kafin in kira Sista. Ta shigo ta tambaye ni ko ya shafu duka, na ce tas. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya? Na ce ko tari bai yi ba. Ta miƙo takarda na sa hannu, ta sa nata a ƙarƙashin nawa, ta yi mini addu'a irin tasu.

Gwaram na koma, garin su matata, don a can ba mai irin wannan injin. Na kama ɗan shago kusa da tasha ina buga wasiƙu da takardun neman aiki da katin biki. Sai ga shi tukubar mai tsiren nan tana kallon ƙofata. Ran da ya fara ganina sai da wuƙa ta tsaya a hannunsa. Na gaishe shi gaisuwar baƙo, kamar ban taɓa ganinsa ba, nan take ya gane, fuskarsa ta saki. Daga ranar kullum la'asar sai ya tsallako da tsire a takarda, da albasa da yaji, in na kai hannu aljihu ya ce in na sake sai ya kai ni ƙara wajen surukaina. In ba kowa yakan nuna injin da haɓa ya tambaya ko ƙarfen nan har yanzu kurma ne, in ce masa kurma ne kuma bebe. Mu yi dariya. Kusan shekara biyu muna haka.

Injin kuwa yana aiki lafiya. Ya san wurin da ya lalace, yana kewaye shi kamar yadda mutum ke kewaye tsohuwar rijiya. Ni ne na kasa kewayewa. Ba tsoro ne ya dame ni ba, da tsoro ne da ya fi mini. Son sani ne. Me ke cikin ɗakunan nan? Komai ya ruɓe ne, ko yana nan? Akwai wani malamin lissafi da aka turo makarantar sakandare, mutumin kudu, dattijon kirki, yana kawo mini takardun jarrabawa. Ya yi karatun kwamfuta a jami'a. Wata rana na jefa masa tambayar kamar ba tawa ba. Ya ce a'a, ba dole ba ne, faifai yakan kasa karɓar sabon rubutu amma ya iya fito da tsohon, kamar tsohon da ba ya riƙe abin da aka gaya masa yau amma yana ba ka labarin yarintarsa. Ya ce yana da ƙaramin faifai a gida mai leƙa kowane ɗaki kai tsaye, in ina so ya kawo. Mai hankali a nan zai yi shiru, ya je ya nemo ƙusa. Ni cewa na yi ya kawo.

Ranar kasuwa ya zo da shi, bayan azahar, shago cike. Akwai ɗan kamasho na tasha da ya shigo shan inuwa, da wani mai jiran takardar koke, da wasu biyu da ban ma san abin da ya kawo su ba. Da na ce wa malamin ya dawo in na rufe, da shi ke nan. Amma ina so a ga cewa a shagona ake irin wannan aikin na masu ilimi. Ya saka faifan, allon ya cika da sifili, layi bayan layi, yana ta gangarawa, mutane suna leƙe. Can sai sifilin ya yanke, wasu tarkacen alamomi suka fito, sai kuma haruffa. Malamin ya yi murna kamar ya tsinci kuɗi, ya fara karantawa da ƙarfi. Na farko rabin suna ne. Na biyu wata mata ce daga Surko, ba wanda ya san ta, aka dai yi dariyar yadda harshensa ke karya sunan. Ni tun a layi na biyun na gane tsarin: lamba, suna, gari, sana'a, magani. Bugun hannuna ne. Makunnin yana nan kusa da gwiwata. Wallahi Malam Edita, abin da ya riƙe hannuna shi ne ina ƙirga layukan, ina so in san guda nawa suka tsira. Ina cikin ƙirga ya karanto na huɗu, cikakken suna har da na mahaifi, Gwaram, mahauci.

Ɗan kamashon ya tuntsire da dariya ya ce ashe har injin Turawa ya san daɗin tsiren mutumin, ya leƙa waje kamar zai ƙwala masa kira. Sai ya tambayi malamin, to wannan jerin na mene ne, masu zuwa Makka? Malamin bai san kowa ba, bai san mai sunan yana tsallaken titi yana juya nama ba. Ya duba kalmar da ke gefe, Hausarsa ba ta kai ba, sai ya ɗaga hannu ya lanƙwashe yatsunsa ya ce ciwon da ke cin wannan. A lokacin na fizge wayar injin daga bango, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Kafin la'asar tasha ta ɗauka, kafin magariba kasuwa ta ɗauka. Washegari naman ya bushe a kan tukuba. Mutanen da suka shekara goma suna cin tsirensa suka riƙa tsayawa daga nesa suna kallon hannuwansa, hannuwan da suka fi nawa lafiya. Da ba su ga komai ba sai suka ce a jini take ɓuya. Ni kuma, da wautata, na shiga bin majalisa ina bayani cewa ya warke tuntuni, wata shida ya sha magani, ba ya shafa wa kowa, ni shaida ne. Ashe masu shakka ma ni na cire musu ita. Aka ce ai ga Akawu da bakinsa ya tabbatar. Cikin mako Sarkin fawa ya kira shi ya ba shi shawara ya ɗan huta tukuna, don sauran mahauta ma kasuwarsu ta fara ja da baya.

Washegari da safe mai tsiren ya zo shagona, ba wuƙa a hannunsa, ba zagi a bakinsa. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya yi sallama ya zauna a benci ya ce, Akawu, yana so ya ga wurin da sunansa yake. Na ɗauko sukudireba na kwance injin a gabansa, na ciro faifan na ɗora masa a tafin hannu. Ya jinjina shi kamar yadda yake jinjina tsoka, ya juya shi, ya kara a kunne, ya tambaya ta wane gefe. Na ce ban sani ba. Ya ce ikon Allah, abu ba baki ba haƙori. Sai na gaya masa komai, da takardar injiniya, da layi biyun da aka ja, da yatsan da na danne. Ya saurara har ƙarshe. Na ɗauko ƙusa da guduma na miƙa masa na ce ya huda da hannunsa. Ya dube su bai karɓa ba. Ya ce wannan ƙusar ai ta shekara biyu da suka wuce ce, yanzu sunansa ya bar ƙarfe ya koma bakin mutane, in ina da sifilin da ake zuba wa baki in ɗauka in bi Gwaram gida-gida. Ya ajiye faifan a kan tebur a hankali, kamar kada ya fashe, ya fita. Wata bai cika ba ya kwashe iyalinsa suka yi wajen Bauchi. Wasu sun ce dako yake a wata mayanka, wasu sun ce noma ya koma. Ban sake ganinsa ba. Matar Surko da sauran kuwa, Allah ne kawai ya rufa musu asiri da ba wanda ya san su a shagon.

Ni na huda faifan a ranar, shagon kuma ya mutu tare da shi. Yanzu gyaran rediyo da fitila nake a bakin kasuwa. Na daɗe ina jin haushin masu ilimin da suka tsara abin: don me za ka rubuta an gama da manyan haruffa, ka ɓoye gazawar a ƙasa da ƙanana? Don me ma za ka ba talaka mai yunwa zaɓin tsallakewa a aikin da asirin mutane ke ciki? Na tambayi wani da ya yi karatun, ya ce masu kyau na yanzu in ɗaki ɗaya ya ƙi shafuwa ba sa cewa an gama, sai su ce aikin ya faɗi. To madalla, sun yi hankali bayan an yi ɓarna. Amma ko na zage su har gobe, gaskiya ɗaya ce: injin bai yi ƙarya ba. Ya tsaya, ya ce ya kasa, ya faɗa ya sake faɗa. Ni ne na danne masa baki, na juya na ce wa Sista ko tari bai yi ba.

Ina ganin matasa yanzu suna sayar da waya da kwamfuta hannu zuwa hannu, a asibiti da ofis ana ba da tsofaffin injuna kyauta, kowa ya ce ai na goge. Ku da aka ba amanar sunayen mutane, in na'ura ta ce muku ta kasa, ku yarda da ita, ku tsaya, ku gaya wa na gaba da ku ko da abin zai fita daga hannunku. Kada ku yi wa kanku fatawar da ta dace da aljihunku. In kuma son sani ya ciyo ku, ku fara duba wanda ke zaune a ɗakin. Faifan yana nan a kan teburina da ƙusarsa a jiki, da shi nake danne takardu. Masu kawo gyara sukan tambaye ni mene ne wannan, in ce musu wani abu ne da na gyara bayan mai shi ya tafi.